Lambun bayan ɗaki: yadda aikin bulo da dutse yake tafiya

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Toh hidimar Sallah ta wuce, yau na sa hannu. Wurin da ake magana ɗan fili ne da ya rage a bayan ɗakuna, tsawo ƙafa 14 faɗi ƙafa 11, katanga ta zagaye shi, ɗaya daga ciki mun haɗa ne da maƙwabci. Duk wanda ya san filayen 50 ba 50 na unguwanninmu nan Kano ya san in aka fitar da ɗakuna da falo da kicin da banɗaki to abun da yake saura da ƙyar ya isa shanya. Namu bola kawai ya zama, tsohon keken yara, fasassun bokitai, ragowar tayil.

Abun da nake so shine komi biyu na bulo masu ɗan tudu da za a cika da ƙasa, bakinsu ya zama wurin zama, tsakiya a shimfiɗa jan bulo, lungu ɗaya kuma na dutse. Kowa a gidan cewa yake a malale wurin da siminti a huta, nace a'a. Gidajen layinmu kaf an malale tsakar gida, ruwan sama ba inda zai nutse sai ya fito titi, shi yasa da an ɗan yi ruwa mai ƙarfi sai ka tattare wando kafin ka kai masallaci. Ni so nake ruwan da ya sauka a wannan ɗan filin ya sami hanyar shiga ƙasa ba tare da ya taɓa ginin kowa ba. Na ware dubu 200, mu gani.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Kwashe shara. Mai baro dubu 3. 'Yan gwangwan sun ɗauki keken.

Asabar, 12 ga Afrilu

An fara haƙa kuma fartanya ba ta ci ba sai da aka ɗauko diga. Taku ɗaya ƙasa ba komai sai ɓaraguzan bulo, busasshen kwaɓi, leda, har da tsohon silifas, wato duk tarkacen da magina suka tara lokacin ginin gidan nan suka binne suka bi da ƙasa a kai. A ƙarƙashinsu kuma marmara ce ja mai tauri. Ɓaraguzan ban zubar ba, na tara su gefe, za su yi amfani.

Da yamma magini ya zo muka auna gangare da tiyo, irin siririn nan da ake ganin ciki, a cika shi da ruwa mutum biyu su riƙe baki-baki, inda ruwan ya tsaya a wannan bakin nan ya tsaya a ɗaya, sai a ja layi da fensir a bango. Da muka auna daga layin zuwa ƙasa sai ga shi filin ba wajen magudana ya karkata ba, wajen bangon ɗaki ya karkata, kusan inci 2. Yanzu na gane dalilin da ya sa fentin ƙasan bangon ɗakin yara yake kumbura yana zubowa duk damina. Za mu juya shi, ya sauka inci 1 a kowace ƙafa 4, kenan inci 3 da rabi daga ƙofar ɗaki zuwa bakin magudana. Lebura dubu 8.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Sayayya. Siminti buhu 6 a dubu 10 kowanne. Bulo mai inci 6 guda 100 a 550. Yashi na sara a wurin wani da yake gini a bayan layinmu, yace na Wudil ne, mai kaushi ba laka, dubu 25, tifa guda ta yi mun yawa kuma ba inda zan juye ta. Tsakuwa dubu 15. Bututun roba ɗan siriri na samo a Ƙofar Ruwa. Tun ba a ɗora bulo ko ɗaya ba kuɗin sun kusa ƙarewa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yau raina ya ɓaci. Bulon da na gani a gidan bulo na ƙwanƙwasa na ji yana ƙara ba shi aka kawo ba. Tun wurin saukewa daga kura gefunansu suke marmashewa, na sa farce na karta sai yashi ya biyo ni. Magini ya ɗauki ɗaya ya sake shi daga daidai ƙirjinsa, ya tarwatse gida huɗu, yace Alhaji wannan ɗanye ne, jiya ko shekaranjiya aka buga shi kuma bai sha siminti ba, in ka zuba jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikinsa damina biyu ba zai gani ba. Inji shi mai tsoron Allah bulo talatin da 'yan kai yake fitarwa a buhu, wasu kuwa sai su ja buhu ya haura hamsin, kuma ba sa ba shi ruwa yadda ya kamata saboda ruwan ma sayensa suke.

Na koma can, mai wurin da farko cewa yayi ai duk ɗaya ne, yaransa ne suka ɗebo daga sabon layi. Nace Malam ni ba katangar da za ta tsaya a bushe zan yi ba, abu ne da zai zauna cikin laima kullum. Da ƙyar dai ya yarda ya canza 70 da tsofaffin bugu, kuɗin kura a kaina. Sauran 30 ɗin na jera su a inuwa ana yayyafa musu ruwa safe da yamma, ko za su ɗan yi ƙwari a sa su a layin sama inda ba nauyi.

Asabar, 26 ga Afrilu

Harsashi. Mun yi jinga da magini dubu 36 shi da yaronsa har filasta. Rami faɗin shebur, kankare inci 4, layi ɗaya na bulo a cikin ƙasa biyu a sama, tsayin ya zo daidai zama kenan. Babban komin ƙafa 12 ne da 2 da rabi a jikin katangar maƙwabci, ƙaramin ƙafa 6 a katangar baya. Ban yarda faɗin ya wuce haka ba don hannu ya kai ƙarshe ba sai an taka ƙasar ba.

Mun ɗan yi musu. Shi so yake ya jingina komin da katanga, katangar ta zama bayan komin, a rage bulo 16 da siminti. A lissafi yana da gaskiya amma wannan shine kai tsaye ka ɗauki jiƙaƙƙiyar ƙasa ka manna a bangon mutum, kuma a ɗaya gefen ɗakin kwanan dattijo ne. Bulo shan ruwa yake, laimar za ta bi ta hau, wata uku fentinsa ya fara fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, daga nan sai sallama a ƙofar gida. Nace a gina wa komin nasa bangon baya a bar tazarar inci 4 tsakani. Yace to Alhaji kunama za ka gina wa ɗaki. Wannan ma gaskiya ne, don haka tazarar za a cika ta da tsakuwa zalla, ruwa ya wuce iska ta shiga ba wurin ɓuya.

Gindin komin ba a zuba kankare ba, a buɗe yake. An kuma sa guntayen bututu a layin ƙasa kowane bulo uku don ruwa ya fito ta gaba.

27 ga Afrilu zuwa 3 ga Mayu

Ban ruwa kawai, safe da yamma, an rufa tsofaffin buhuna a kai don rana. A zafin nan in ba a yi haka ba kwaɓin bushewa yake kafin ya kama. Mai ruwa ya ga kasuwa.

Asabar, 10 ga Mayu

Jan bulo ya samu. Ana rushe wani tsohon gida aka ce in zo in gani, irin gasasshen nan na da, in ka haɗa biyu ka buga sai ka ji ƙara tas. Na ɗauki 400 a 120, mota dubu 6. Da yawa akwai tsohon kwaɓi a jikinsu, ni da yara muka zauna da guduma da tsohuwar adda muna kankarewa har magariba. Na so intalok, irin bulon simintin nan da ake shimfiɗawa a tsakar gida, amma sabo ya fi ƙarfina, kuma gaskiya jan nan ya fi kyau da kore.

Hajiya ta zo ta same mu a kai, ta tsaya tana kallo tace yanzu duk wannan wahalar don tsakar gida, a zamaninsu daɓe ake yi. Na ce Hajiya ba ni labari. Tace burji ake zubawa a jiƙa, matan unguwa su taru kowa da madaɓinta, ana waƙa ana bugu har ƙasa ta kwanta sumul, sannan a jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa kenan, a yayyafa ruwan a kai a sake bugu, in ya bushe yayi duhu yana sheƙi ruwa ba ya cin sa da wuri. Abincin masu daɓe kawai za ka dafa. Na tambaye ta ko za ta tara mun matan, tace in je in nemo madaɓin tukuna.

Asabar, 17 ga Mayu

Shimfiɗa. Wannan da kaina nayi da taimakon lebura ɗaya don magini ya kasa gane me yasa ba za a sa siminti a ƙasa ba. Mun fara da ɓaraguzan nan da na tara, aka farfasa su ƙanana aka baza kaurin inci 3, aka daddaɓe. Abun daɓewar gwangwanin fenti ne na cika da kankare na kafa masa sanda tun makon jiya. A kai yashi inci 1 da rabi, a ja shi da katako ya kwanta, sai bulo. Saƙar tabarma na yi, biyu a tsaye biyu a kwance, saboda ita ce ba ta buƙatar yanka sosai. Kowanne a ɗan buga shi da guduma ta kan guntun katako, a bi igiya don gangaren kar ya ɓace. A ƙarshe busasshen yashi aka watsa aka share da tsintsiya ya cika tsakankanin.

A can kusa da bakin magudana, nesa da ɗaki iya yadda filin ya bari, mun haƙa rami zurfin ƙafa 3 muka cika da manyan duwatsu, tsakuwa a sama. Ruwan da bai nutse ta tsakanin bulo ba nan zai faɗa, in ya cika ya tsallaka magudana. Ban toshe magudanar ba kuma ba zan toshe ba, fili ƙarami haka ba zai shanye ruwan Agusta shi kaɗai ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Bayana yana ciwo. Ba aiki.

Asabar, 24 ga Mayu

Dutse da ƙasa. Fasasshen dutse irin wanda ake harsashi da shi, dubu 20 har kawowa. Lemun tsami da na saya wurin masu fulawa na bakin titi a Nasarawa ban dasa shi a ƙasa ba, katanga ta yi kusa, a rabin duro yake an huda gindin. Duwatsun na jera su zagaye da duron ba siminti, manya a ƙasa, kowane dutse ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasansa, duk su ɗan kwanta ciki, ƙananan a cusa a ramuka. Sai ka juya dutse ɗaya ta kowace fuska kafin ya zauna bai motsi, aikin ba ya son gaggawa. Amfaninsa rana ba za ta dafa ƙarfen duron ba kuma ba a ganin tsatsar.

Komaye: tsakuwa tafin hannu ɗaya a ƙasa, sai haɗin ƙasar lambu kashi 2, tsohon takin shanu da ya rube kashi 1, ɓuntun shinkafa da yashi kashi 1. Babban ya ci baro wajen 15, ƙaramin rabin haka, duka dubu 18. Mai takin ya so ya haɗa mun da sabon kashin kaji nace a'a, ƙona shuka yake. An watsa alayyahu da rama, yakuwa a baya, ƙaramin komin na'a-na'a da ɗoɗɗoya da attaruhu.

Asabar, 31 ga Mayu

Alayyahu ya fito amma duk na bakin komi, kamar faɗin yatsu huɗu daga bulo, ya kwanta ya bushe, na tsakiya lafiya lau. Da azahar na ɗora hannu a kan filastar ban iya barinsa ba. Wurin katanga ta ko'ina, iska ba ta ratsawa, bulo da siminti su sha rana tun hantsi su yi ta sakin zafi har bayan isha'i, ƙasar da ke jikinsu ita ke fara bushewa. Wannan shine abun da masu nuna hotunan lambunan Turai a intanet ba za su faɗa maka ba, su neman ɗumin dutse suke, mu nan gudunsa muke. An shafa farar ƙasa a jikin komayen da katangar yamma, dubu 3 da ɗari 5, na rufe ƙasar da ɓuntu, na kafa sanduna na ɗaura zana ta tare ranar yamma. Bakin kuma na dasa lawashin albasa da dankalin Hausa ya sauko ya rufe bulon.

Alhamis, 5 ga Yuni, jajibirin Babbar Sallah

Ragon layya. An ɗaure shi a zaure, wani cikin yaran ya ji tausayinsa ya kai shi baya wai ya sha inuwa. Kafin a ankara ya haye babban komin ya share ramar tas, ya bi alayyahu, ya ture duwatsu uku na saman lemun tsami ya ci ganyen da bakinsa ya kai. Na'a-na'a ce kawai bai kula ba. Maman yara tana ta dariya wai ai gobe za mu ci abunmu a jikinsa. Duwatsun minti kaɗan na mayar da su, da siminti ne da sai an kira magini. Bayan Sallah a sake shuka, kuma ƙyaure zan sa a hanyar shiga wurin.

Asabar, 21 ga Yuni

Daren jiya aka yi ruwan kirki na farko a wajenmu. Da asuba na fita da tocila, tsakiyar da aka shimfiɗa jan bulo ba ruwa ko kaɗan, ƙofar ɗaki a bushe, alhamdulillah gangaren yayi aiki. Amma babban komin ya zama tafki, ruwa kwance a kan ƙasa sabon tsiron duk ya nutse, bututan nan kuwa ko ɗigo.

Na zura waya a ɗaya na ji ta tokare da abu mai laushi. Da na ƙwaƙulo sai ga guntun buhun siminti a dunƙule. Ashe yaron magini ne ya cusa a kowane bututu lokacin filasta don kwaɓi kar ya shiga, dabara mai kyau, sai dai ya tura su can ciki kuma bai cire ba. Ga marmara a ƙasa ba ta shan ruwa da sauri, ruwan ba ta sama ba ta ƙasa. Na lanƙwasa bakin wayar shanya na bi su ɗaya bayan ɗaya, ana zare tsumman ruwa ja yana tsartuwa har kan ƙafata. Biyu sun ƙi fitowa sai da na tona ta ciki, a nan na ga wasu ma ƙasa ta cika bakinsu, na sa guntun tsohon gidan sauro na rufe kowane baki na tara masa tsakuwa. Na kira magini yace Alhaji a yi haƙuri yaro ne. Kafin la'asar ruwan ya janye. Attaruhu biyu dai sun tafi, ba sa jure kwanciyar ruwa.

Asabar, 5 ga Yuli

An fara tsinkar alayyahu. Yakuwa ta kai gwiwa. Ƙyaure dubu 7.

Asabar, 19 ga Yuli

Shimfiɗar ta lotsa a wuri ɗaya kusa da ƙaramin komi, bulo kamar 12 sun nutse har ruwa yana ɗan taruwa. Na ɗaga su da bakin adda, a ƙasa yashin ya zurare cikin wani rami, ga alama wani tsohon tarkacen ne da ba mu kai gare shi ba ya rube ya zauna. Na cika da tsakuwa na daddaɓe na mayar da yashi da bulon, ko awa biyu ban yi ba kuma ba ka gane inda aka taɓa. Tururuwa ma suna fito da yashin tsakani suna tarawa, sai an riƙa ƙarawa ana sharewa. Gara ta kama sandunan zanar, na cire su gaba ɗaya tunda rana ta yi sauƙi, na zuba toka da dakakken ganyen darbejiya a gurbin.

Ganyen lemun tsamin sababbin suna fitowa rawaya jijiyoyin kore. Ina zargin ƙurar siminti da farar ƙasar da ta zuba a duron, lemu ba ya son ƙasa mai yawan alli. Na kwashe ta sama na canza da taki.

Asabar, 9 ga Agusta

Malka ta kankama, yau ne gwajin gaske. Ruwan da yake sauka a filin kansa ba matsala, yana nutsewa. Matsalar indararo ne. Rufin da yake zubowa nan baya ya kai murabba'in mita 40, kuma kowane milimita 1 na ruwan sama lita 1 ne a kan kowane murabba'in mita, kenan ruwa mai milimita 25 kawai lita 1000 ne, duro 5 cif, duk ta baki ɗaya a kan bulo na. Ya wanke yashin wurin ya fara tona ƙasa. Na sayo duro biyu dubu 30 na haɗa su da bututu a ƙarƙashin indararon, inda rarar take zuba kuma na cire bulo na jera faffaɗan duwatsu a kan tsakuwa su karya ƙarfin ruwan, daga nan ya bi ya faɗa rami. Ramin yana cika a babban ruwa ya tsallaka magudana amma kafin wayewar gari ya shanye. Durukan a rufe suke saboda sauro da yara.

Na shiga wurin maƙwabci na gaishe shi, nace Baba ko bangon yana laima, ya kai ni har ɗakin na shafa da hannuna a bushe. Ya ce a ɗebo masa yakuwa.

Gansakuka ta fara kore a bulon da ke gindin katangar da rana ba ta kaiwa, akwai santsi, Hajiya ta kusa zamewa. Buroshin ƙarfe da yashi duk Asabar har damina ta wuce.

Asabar, 23 ga Agusta

Na haɗa lissafi, ya haura dubu 350, kuma abun da ya fi cin kuɗin siminti ne da bulon komaye, shimfiɗar da ba siminti ita ce mai araha. Da za a tambaye ni zan ce komi ɗaya ma ya isa a fara da shi. Filastar bakin babban komin ta tsage siriri a kusurwa inda aka sa ɗanyen bulon nan, ba zan taɓa ba sai ruwa ya ɗauke.

Abun da ya rage: in Allah ya kai mu Oktoba a fasa kusurwar a gyara, a ɗora jan bulon da ya saura guda 30 a bakin komin don zama ya fi daɗi, a cire rama da yakuwa a juya ƙasa a ƙara taki. Nuwamba latas da karas da tumatir tunda sanyi suke so. Katangar baya kuma ina tunanin kafa ƙusoshi a ja waya a ɗora wake ko soso ya hau, ƙasa ta ƙare sai sama, amma sai na tambayi magini ko filastar wurin za ta riƙe ƙusa.